Doyar da Muke Ci da Doyar da Muke Binnewa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar doya ta Zaki Biyam a Binuwai, ko Ɗan Anaca a Taraba, ko Lafiya, ko Paiko a jihar Neja, a lokacin da kaka ta kankama, ya san abin da ido ke fara cin karo da shi. Manya-manyan doya ne masu santsin baya, an kasa su ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya guda ɗari, dillalai na ta ciniki, 'yan dako na loda motocin da za su nufi Kano da Legas da Fatakwal. Abin da mai kallo ba zai gani ba shi ne wanda manomi ya baro a gida. Can a gefen gona, ƙarƙashin rumfar ciyawa, akwai wani tsibi na ƙananan doya. Wata ta yamushe, wata bayanta ya tsattsage kamar dugadugin mai faso, wata kuwa sai da ta je kasuwa mai saye ya ɗaga ya juya ya ajiye. Wannan tsibin shi ake kira iri. Shi za a binne idan lokacin shuka ya yi, kuma daga gare shi ake sa ran doyar baɗi.

Manomin dawa ko gero ba ya yin haka. Tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye inda ɓera ba zai kai ba, kuma ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta sai abin ya ƙure. Manomin doya kuwa sau da yawa lafiyayyar yake sayarwa ya shuka marar lafiya. Wanda ya ɗauka rashin sani ne kawai ya jawo haka, bai zauna ya yi lissafi ba.

Ga lissafin. Kilo 20 zuwa 25 na irin masara ya isa hekta guda. A doya kuwa, abincin shi ne irin. Hekta guda na ɗaukar tsibi kusan 10,000 idan an bar mita guda tsakanin wannan da wancan, kuma kowane tsibi na son doya ko yankin doya mai nauyin giram 300, wani lokaci har rabin kilo. Ke nan tan 3 zuwa 5 na abin da za a iya dafawa yau ko a sayar gobe, shi za a mayar cikin ƙasa. A ƙasar da hekta ke ba da tan 8 zuwa 10 a matsakaicin ƙiyasi, kusan kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona, ko ma fiye, ke komawa inda ya fito. Shi ya sa masana ke cewa iri kaɗai na iya laƙume rabin kuɗin noman doya. Mutumin da kuɗin makaranta da auren 'ya da bashin leburori ke jiransa, ka ce masa ya binne doyar da ta fi tsada a kasuwa, kallonka kawai zai yi.

Akwai kuma wani abu a halittar doyar kanta. Tana fure, tana ma yin 'ya'ya, amma namijin daban macen daban, wasu nau'o'in ba su cika yin furen ba, kuma ɗan da ya fito ba ya kama da uwa. Masu binciken ƙirƙiro sabon iri ne kawai ke aiki da waɗannan 'ya'ya. Manomi jikin doyar yake yanka ya shuka. Makka-kusa da ake nomawa bana a yankin Abuja da Neja, wadda sunanta ma ya faɗi burin mai nomanta, jikin ta bara ce, ta bara kuma jikin ta waccan shekarar ce, haka ake ta miƙawa. Alherin wannan shi ne ɗanɗano da kama ba su canzawa. Sharrinsa kuwa, duk cutar da ta shiga jiki sau ɗaya ta zama gado. Yawancin cututtukan hatsi ba su bin ƙwaya zuwa shekara ta gaba. Na doya suna kwana a rumbu tare da ita, su koma gona tare da ita, kowace damina su ƙara yawa.

Najeriya ce ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya, fiye da tan miliyan 50 a shekara, Ghana da Kwaddibuwa da Benin da Togo na biye. Muna alfahari da wannan adadi, amma ya kamata alfaharin ya zo da sunkuyar da kai, domin ƙaruwar da aka samu a shekarun nan daga faɗaɗa gonaki ta fito, ba daga ƙaruwar abin da hekta ke bayarwa ba. A da, manomin Tibi ko Gwari ko Mumuye kan sari sabon daji ya yi doya, ya bar tsohuwar gona ta huta shekaru. Yanzu dajin ya ƙare, hutun ya gajarta, cutar da ke cikin ƙasa ba ta samun lokacin mutuwa.

Cututtukan iri uku ne manya, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin maganar, domin abin da ke kashe ɗaya ba ya taɓa ɗaya.

Na farko ƙwayoyin bairos ne, mafi shahara ita ce mai sa ganye dabbare-dabbare. Za ka ga ganyen ya yi kore da rawaya a cakuɗe, ya murɗe, wani lokaci ya sirance kamar igiyar takalmi, yaɗon ya tsumbure. Darɓa ke ɗaukar ta daga wannan shuka zuwa waccan, wata bairos ɗin kuma wani farin ƙwaro ne mai kama da ɓurɓushin auduga ke yaɗa ta. Muguntar bairos ita ce ba ta nuna kanta a jikin doyar. Ka haƙo ta, ka wanke, ka yanka, ba za ka ga komai ba. Alamarta guda ce: doyar ba ta girma. A nan ne masifar ke rufe da'ira. Shukar da ta kamu ta haifi ƙaramar doya, manomi ya ga ƙarama ce ba ta kasuwa ba, ya jefa ta cikin tsibin iri. Wato da hannunsa, ba tare da ya nufa ba, yake tsince masu cuta yana ba su gonar baɗi. Babu kuma wani maganin feshi ko na tsomawa da ke fitar da bairos daga jikin doya. Duk mai shagon da ya ce maka yana da shi, kuɗinka yake so.

Na biyu tsutsotsi ne 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, masana na kiransu nematod. Ɗaya daga cikinsu na shiga ƙarƙashin ɓawo tun a gona, ta ci gaba da hayayyafa a rumbu, ta haifar da busasshen ruɓa. Wannan tsagewar bayan da na kwatanta da faso aikinta ne. Idan ka kankare ɓawon da farce, maimakon fari ko ruwan madara sai ka ga rawaya-rawaya, idan abin ya yi nisa ka ga baƙi-baƙi a bushe. Ɗayar kuma ƙuraje take fesa wa doyar, da wasu siraran saiwoyi kamar gashi. Irin wannan doya idan an binne ta, ko dai ta ƙi tsira, ko ta tsira a raunane, sannan ta bar tsutsar a cikin ƙasa ta jira na gaba.

Na uku funfuna ce, wadda ƙofar shigarta rauni ne: saran fartanya a wurin haƙa, jifa a wurin lodi, cizon ɓera a rumbu. 'Yar uwarta ce ke baƙanta ganye da damina har gona ta yi kamar wuta ta bi ta kai, kuma ta fi addabar doyar ruwa, wadda wasu ke kira sakata. Sai ƙwari masu manne wa ɓawo a ma'ajiya suna tsotsa, da ƙwaron nan mai huda doya a gona, musamman a fadamun da ke kusa da kogi.

Kada a ɗauka manoma sun zauna hannu naɗe duk tsawon zamanin nan. Dabararsu mafi tsufa ita ce haƙa biyu. Wajen watan Yuli zuwa Satumba, ganye na nan kore shar, sai manomi ya tone tsibi a hankali, ya yanke doyar daga ƙasan kanta, ya bar kan da saiwoyinsa ya mayar da ƙasa. Wadda ya cire ita ce sabuwar doyar da ke fara shiga kasuwa da tsada. Kan da ya bari kuma sai ya sake fitar da wasu dunƙulallun doya marasa fasali, a haƙe su a Disamba ko Janairu, su zama iri. Dabara ce mai kyau, domin shukar da ta yi ƙarfi da wuri ake yi wa haka, kuma irin da ya fito yana saurin tsira. Amma shuka guda iri kaɗan take bayarwa, kuma abin da ke jinin uwar yana jinin 'ya'yan. Sauran hanyoyin biyu su ne tsince ƙanana, da yanka babbar doya gida huɗu zuwa shida. Duk cikinsu babu wadda ke ninka iri da yawa, babu kuma wadda ke tace shi.

A wasu wurare har sana'a ce mai zaman kanta. A Ilushi, bakin kogin Kwara a jihar Edo, akwai kasuwar da ta yi suna da irin doya, manoman fadamun yankin na noma iri musamman don sayarwa, masu saye na zuwa daga nesa ta mota da ta jirgin ruwa. Wannan ya isa amsa ga masu cewa manomin doya ba zai taɓa sayen iri ba. Yana saye. Abin da babu a kasuwar shi ne wanda zai ba shi tabbacin lafiyar abin da ya saya. Da ido ake ciniki, bairos kuwa ba a ganinta da ido.

Yunƙurin farko na masana ya fito ne daga Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa da ke Umudike a jihar Abiya, da haɗin gwiwar cibiyar IITA ta Ibadan, a farkon shekarun 1980. Shi ne tsarin miniset, wato ƙananan yanka. Maimakon a raba doya gida biyar, sai a yanka ta gunduwa-gunduwa masu nauyin giram 25, doya mai kilo guda ta ba da 40. Ba doyar ci ake nema daga gare su ba, ƙananan doya cikakku ake nema, waɗanda za a shuka ɗungurungum a shekara ta biyu. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. A gona kuwa manoma ƙalilan ne suka rungume shi, kuma ina ganin suna da hujja. Gunduwar ta yi ƙanƙanta, ruwa ya ɗauke na mako biyu ta bushe. Farar doya, wadda ita ce ta sakwara kuma ita ce ta kasuwa, ba ta tsira da kyau daga ƙaramin yanka kamar doyar ruwa. An kuma ce a fara tsirar da su a garin katako kafin a dasa, aikin da ke faɗowa daidai lokacin da kowa ke fama da sharar gona da tada tsibi. Hodar maganin da aka ce a barbaɗa ma ba a samunta a kasuwar ƙauye.

Gyaran ya zo ne bayan shekaru kusan 20, kuma daga gonakin manoma ya zo. A farkon shekarun 2000, a ƙasar Igala da ke jihar Kogi, sashen raya karkara na cocin Katolika da ke Idah ya yi aiki da masu bincike da manoma, aka sauya abu uku. Aka ƙara girman yankan zuwa kusan giram 80. Aka daina renon farko, ana shukawa kai tsaye. Aka maye hodar da ruwan magani na tsomawa, haɗin maganin ƙwari da na funfuna waɗanda ake samu a shago. Wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa da ƙaramin manomi har yau, don haka bari in ɗan tsaya a kansa.

Ana fara shi ne da doyar da ta gama barcinta. Doya na yin wata biyu zuwa huɗu bayan haƙa ba ta tsira ko me aka yi mata, sai ta fara fitar da ido a kai sannan ta shirya. A zaɓi mai santsin baya, ba tsaga, ba ƙurji, a kankare gefe da farce a tabbatar. A sa wuƙa mai kaifi da tsabta a yanka ta faifai-faifai, kowane faifai a raba shi yadda kowace gunduwa za ta tafi da ɓawonta, domin daga ƙarƙashin ɓawo tsiro ke fitowa, gunduwar da ba ta da shi abincin gara ce. Duk wadda aka yanka aka ga tabo a ciki, a kai ta madafa, a goge wuƙar kafin a taɓa wata. A ware na kai daban da sauran, saboda na kai na riga tsira, idan aka cakuɗa sai su rufe 'yan uwansu da inuwa. Sai a zuba a kwando ko buhun albasa a tsoma cikin ruwan maganin kamar minti 10, a baza a inuwa su sha iska har yankan ya bushe. Ba a shukawa sai ruwa ya zauna sosai, a kan kunya, tazarar kamar santimita 30. Ciyawa ce babbar abokiyar gabarsu a watanni biyun farko, domin ganyensu ba ya saurin rufe ƙasa. Idan ganye ya bushe a kaka, sai a haƙo doya cikakku masu nauyin giram 200 zuwa 500, ba rauni, ba yanka.

A sake lissafi. Mai hekta guda na buƙatar iri 10,000. A giram 80, kilo 800 ke nan na uwar iri, a fili da bai wuce sulusin hekta ba, maimakon tan 3 ko fiye. Ko an ƙara wani abu saboda waɗanda ba za su tsira ba, ratar na da yawa. Amma gaskiya ɗaya ce, akwai farashi: fili daban, aiki daban, da haƙurin shekara guda kafin a ga riba. Wannan shekarar ta farko ita ce katangar da yawancin manoma ke kasa tsallakewa.

Maganar magani kuma na son taka-tsantsan. Maganin ƙwarin da aka fi amfani da shi a wannan haɗi shekaru da yawa, kulofirifos, Tarayyar Turai ta haramta shi a 2020, hukumar NAFDAC ma daga baya ta sa shi cikin waɗanda ta hana amfani da su. Manomi ya tambayi malamin gona abin da aka amince da shi yanzu, ya sa safar hannu, ya kori yara daga wurin, kuma doyar da aka tsoma ta haramta ga tukunya. Tokar murhu da iyayenmu ke shafawa na taimaka wa yanka ya bushe, sai dai ba ta isa ga tsutsar da ke ƙarƙashin ɓawo. Akwai kuma tsoma doya a ruwan zafi na digiri 50 zuwa 55, wanda ke kashe nematod, amma ba aikin kintace ba ne. In babu ma'aunin zafi, ana gudun gara sai a faɗa gidan zago, a dafa irin gaba ɗaya.

To bairos fa, tunda tsomawa ba ta kai gare ta? A matakin manomi hanya ɗaya ce, kuma ba ta cin ko sisi: a zaɓi iri a gona, ba a rumbu ba. Wata biyu zuwa uku bayan tsira, lokacin da ganye ke faɗin gaskiya, a zaga a ɗaura wa shukar da ganyenta ke shimfiɗe kore alama, a sake zagawa kafin kaka a cire alamar daga duk wadda ta canza. Wadda ta murɗe sosai a tuge ta. Ranar haƙa, doyar masu alama ita ce uwar iri, ko da ta fi kowace girma, ko da dillali ya taya ta da tsada. An gwada wannan da manoma a Ghana da Najeriya, an ga cutar na raguwa, amfani na ƙaruwa. Ba ya kawar da bairos kwata-kwata, domin akwai shukar da ke ɗauke da ita ba ta nuna ba, amma yana juya akalar zaɓen daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi.

Tacewa ta haƙiƙa sai a ɗakin gwaji. Can ake ɗaukar ƙwayar tsiron da ke can ƙarshen yaɗo, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, inda sau da yawa bairos ba ta riga ta isa ba, a rene ta a kwalba bayan an gasa uwar da ɗumi na wasu makonni. Abin da ya fito a gwada shi, wanda ya tsallake gwaji shi ne tushe. Daga nan matsalar ta koma ta ninkawa: ta yaya tsiro ɗaya zai zama miliyan kafin cuta ta sake kama shi? Wannan ne aikin da shirin YIIFSWA ya sa a gaba. IITA ce ta jagorance shi a Najeriya da Ghana da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates, zangon farko daga 2011 zuwa 2016, na biyu daga 2017 zuwa 2021, tare da Umudike, da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua kusa da Kumasi, da ta Nyankpala kusa da Tamale.

Dabarun da shirin ya bunƙasa abin mamaki ne ga wanda ya saba da tsibi da fartanya. Akwai tulunan roba da ruwan abinci ke tasowa ya jiƙa tsirrai na ɗan lokaci ya koma, sau da yawa a rana, su yi saurin girma fiye da na kwalba. Akwai noman iska, wanda aka aro daga masu irin dankalin Turawa aka fara gwada shi kan doya a Ibadan a 2013: shukar na tsaye a kan akwati, saiwoyinta na reto a cikin duhu, famfo na fesa musu ruwan taki, babu ƙasa ko kaɗan, ke nan babu nematod. Amma abin da ya fi burge ni ba na'urar ba ce. Shi ne gano cewa yaɗon doya mai tsabta, idan aka yanka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ganyenta guda, aka kafa a ƙonannen buntun shinkafa ko ƙasa mai laushi a inuwa, yana yin saiwa ya haifi 'yar ƙaramar doya. Shuka guda na iya ba da ɗaruruwan irin waɗannan yanka a shekara. Ta haka ake samun irin doya ba tare da an taɓa abincin ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Noman iska na son wutar da ba ta ɗaukewa, famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i da rana saiwoyi su bushe, kuma kowa ya san halin wutarmu. 'Yar doyar da ke fitowa daga gaɓar ganye ba ta isa a sa ta a tsibi a jira doyar kasuwa ba, sai an sake noma ta damina ɗaya ko biyu. A tsarin Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, iri hawa uku ne: na masu bincike, na tushe, sai wanda aka tantance don manoma. Hawan farko ya samu. Na biyu wasu kamfanoni sun shiga. Na ukun, wanda shi ne zai kai ga manomin Wukari ko Kwali, shi ne har yau bai tsaya da ƙafafunsa ba. Irin masara na hekta guda mutum zai ɗauko a bayan babur daga birni. Na doya lodin mota ne, mai rauni, mai ruɓewa, wanda dole a sayar cikin 'yan watanni. Ba zai taɓa yiwuwa a noma shi a Ibadan a raba wa Taraba ba. Dole mai noman irin ya kasance a cikin ƙaramar hukumar da masu saye suke, inda za su ga gonarsa da damina, su san inda za su same shi idan iri ya ƙi tsira.

Akwai kuma batun nau'i. Sababbin iri da shirin ya tallata, irin su Asiedu da Kpamyo na farar doya da Swaswa ta doyar ruwa, suna ba da amfani mai yawa. Amma kasuwar doya kasuwar suna ce. Matar da ta zo sayen ta sakwara ta san wadda take so, ɗan kasuwar Akara ya san Pona ce masu fitarwa waje ke nema, dillalin Zaki Biyam ya san Hembamkwase daga nesa. Manomi ba zai saki abin da ke da mai saye ya kama baƙo ba, komai yabon da aka yi masa. A ganina rabin ƙarfin da ake sawa wajen tallata sababbi, da an sa shi wajen tace tsofaffin da kasuwa ta riga ta karɓa, da an fi saurin cin nasara.

Sai a kuma faɗa wa manoma gaskiyar da masu talla ba su cika faɗa ba: iri mai tsabta ba iri ne da ba ya kamuwa ba. Ka shuka shi kusa da gonar maƙwabci mai cuta, darɓa za ta yi aikinta. Ka sa shi a gonar da ta yi shekaru tana doya a jere, tsutsar na nan tana jira. Bayan damina uku ko huɗu sai an sabunta. Wanda aka sayar wa iri da alƙawarin har abada, ranar da ya ga ganye ya fara murɗewa zai ce an cuce shi, ya gaya wa duk ƙauyen.

Abin da na fi tsoro shi ne rabon iri kyauta. Duk lokacin da gwamnati ko wata ƙungiya ta ba da kwangilar sayo iri don a raba, ɗan kwangila kasuwa yake shiga ya kwashi ƙananan doya mafi araha, wato ainihin tsibin da muka fara magana a kansa, a loda, a yi biki, a ɗauki hoto. Cutar wata jiha ta koma wata, sannan saurayin da ya sa jarinsa ya noma iri mai kyau ya rasa mai saye, domin ba a gasa da kyauta. Akwai inda taimako ya zama dole. Manoman da rikici ya raba da gonakinsu a Binuwai da Taraba da Neja ba amfanin shekara guda kawai suka rasa ba, sun rasa irin da suka gada, kuma ba a komawa noman doya hannu rabbana. Amma ko a nan, gara a ba mutum takardar da zai je ya karɓa wurin manomin iri da aka tantance a yankinsa, kuɗin ya zauna a hannun mai sana'ar.

Jihohin da ke kiran kansu rumbun doya, abin da ake nema a wurinsu bai kai kuɗin gadar sama guda ba: rumfar raga ta renon yankan ganye a manyan yankunan noma, malaman gona da ke da man babur, masu duba gonakin iri da za su zo da damina ba bayan an haƙe ba, da rancen da zai jira manomin iri shekara biyu. Matasan da ke cewa ba su da filin noman doya, sulusin hekta ya ishe su wannan sana'a.

Kai kuma manomi, kada ka jira ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bana idan doyarka ta kai wata biyu da tsira, yayyaga tsohon zane, ka zaga gonar da safe, ka ɗaura wa shuka 300 mafi lafiyar ganye. Ranar haƙa ka ajiye doyarsu a rumfa daban, a kan katako ba a ƙasa ba, kuma ko nawa dillali ya taya, ka ce masa wannan ba ta sayarwa ba ce.